Rami Kusa da Rami

Valdur,

Ina gaishe ka, kai da ɗanka da iyalinsa a birnin Tartu. Kada ka ɗauka kewarka ce ta sa na ɗauki biro. Buƙata ce.

Tafki ya daskare, har mota na hawa. Kifin ahven sun taru a zurfin nan na bayan duwatsu kamar kowace shekara, ƙanana garkensu daban, manya nasu daban. Ka san halinsu. Muddin kana ciro su ɗaya bayan ɗaya, garken na nan ƙarƙashinka. Ɗaya ya kuɓuce daga ƙugiya, shi ke nan, sauran sun bi shi. To, kai ne kifin da ya kuɓuce. Tun da ka tafi, abokan kamun kifinmu suka watse: Juhan ya ce ciwon gwiwa, Kalju ya ce matarsa ta hana. Ni kaɗai na rage.

'Yata Tiiu ta rantse, saboda ciwon zuciyar nan nawa, in ban sami abokin hawa ƙanƙara ba, ƙarshen wata za ta kulle gidan ta kwashe ni zuwa birni. Ni da zaman bene? Gara a binne ni.

Ka zo. Amma ban manta bara ba, da ka bar duk faɗin tafkin nan ka huda ramin kamun kifinka a ƙanƙara kamu ɗaya da nawa, kan garken kifina. Mai kamun kifi ba ya yi wa ɗan'uwansa haka. Ɓarawon da na kira ka a gaban mutane, ban janye ba.

Ka huta lafiya,
Endel

*

Zuwa ga Endel,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarka ta iso. Na yi baƙin cikin jin halin da kake ciki, sai dai ba zan sami zuwa ba. Shawarata ka bi Tiiu. Birni ba daɗi, amma akwai ɗumi.

Naka,
Valdur

*

Kai Valdur,

Gaisuwa dai. Wannan ba rubutunka ba ne. Naka kamar kaza ta yi tono, wannan kuwa a jere yake tsaf. Kuma yaushe ka koyi ladabi? Na zage ka, ba ka rama ba. Raina ya ɓaci, kuma na tsorata. Me kake ɓoyewa?

Endel

*

Zuwa ga Endel,

Ina gaishe ka. Surukata Maarja ke rubutawa, ina faɗa. Ta ce in daina noƙe-noƙe.

Idona ya tafi, Endel. Tun bara ya soma. A kan ƙanƙara komai fari nake gani, sama da ƙasa ɗaya, ban san ina gaɓa take ba. Baƙar rigar sanyinka kaɗai nake iya rabewa. Ranar nan na bi ta, na zauna inda zan riƙa jin tarinka, don in ka tashi in tashi. Ko tsutsa ban sa a ƙugiya ba. Da ka ce ɓarawo, na ga ya fi mini sauƙi da a ce makaho.

Ka sha gaya mini cewa kifi ba don ƙauna suke cunkushewa a sanyi ba, don tsoro ne. Gaskiyarka.

Yanzu ka gaya mini, wane tsaro makaho zai yi wa mai ciwon zuciya?

Ka gaida Tiiu.
Valdur

*

Tsohon banza,

Gaisuwa. Na karanta wa Tiiu wasiƙarka, ta yi kuka, ni kuwa hayaƙin murhu ne ya shige mini ido. Ta ce in na faɗi, murya take buƙata, ba ido ba, kuma duk ƙauyen nan ba wanda ya kai ka ihu. Ta yarda.

Ka hau motar Asabar, zan tsaya a tasha da baƙar rigar. Ka taho da burodin Maarja, miyar kifi tawa ce.

Na riga na huda rami biyu. Kamu ɗaya ya yi nisa, na matso da naka.

Sai ka zo,
Endel