Hannuwan Asibi

Talata, 1 ga Oktoba, 1996
Rediyo ya ce an ba mu jiha. Zamfara. Duk Ƙaura ta ɗauka, 'yan kabu-kabu na ta hon, maƙwabta na guɗa. Asibi na zaune gindin dalbejiya tana wasa da gwangwani, ko ɗago kai ba ta yi ba. Tun sanƙarau ɗin da ya kwantar da ita da bazara ba abin da ke shiga kunnenta. Shekararta bakwai. Hedimasta ya ce in riƙe ta gida, ba su san yadda za su yi da ita cikin aji ba. Ni ma na ajiye koyarwar. Na karantar da ɗiyan mutane, in kasa tawa? Gobe za mu fara, ita da ƙanenta Abbati.

Alhamis, 3 ga Oktoba
Allo da alli bai yi ba, baya ta juya mini. Sai na ɗebo laka muka kwaɓa, muka murza haruffa muka shanya gefen katanga. Wannan kam ta zauna. Akuyar Hajiya surukata ta take B.

Litinin, 14 ga Oktoba
Mun bi gidan da gawayi muna rubuta wa kowane abu sunansa a jikinsa: ƙofa, randa, turmi, rumbu. Abbati ya dage sai an rubuta wa akuya nata, ta ƙi tsayawa.
Dokata ɗaya ce: ta dubi bakina, ta faɗa da nata. Muryar tana nan, amma kalmomin sun fara zubewa. Yau ta ce in ba ta "uwa", ruwa take nufi. Na yi mata murmushi, na shiga ɗaki na zauna bakin gado na ɗan jima.

Laraba, 23 ga Oktoba
Ina dakan gero ta zo ta ɗora tafin hannunta jikin turmi, ta ƙi ɗaukewa. Ashe bugun take ji. Sai dabara ta zo mini. Tur-mi, na buga biyu. A-si-bi, uku. Ta karɓi taɓarya ta buga na Abbati, ta buga na Hajiya, ta ƙara da na akuya. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Rabona da jin wannan dariyar tun kafin ciwon.
Fura ta makara. 

Asabar, 9 ga Nuwamba
Babansu ya kawo gyaɗa daga Zurmi, mun yi mai. Da aka zo ƙuli-ƙuli na ba su tunkuza na ce kowa ya murza sunansa. Wanda ya karanta harafi daidai ya cinye shi. Hajiya na kan tabarma tana kallo ta ce, "Wagga wace irin makaranta ta, da aka cinye karatu?" Amma B biyu ta ci.
Abin da bai yi mini daɗi ba: na ga su biyun suna magana da hannu. Ba nuni kawai ba, magana sosai, har da musu. Na hana. Ba zan yarda a kira mini ɗiya bebiya ba. Tana da baki. In ta saba da hannu, ɗan abin da ya rage ma tafiya zai yi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba
Babansu ya dawo da mota daga Shinkafi. Yana ta yi mata magana tana kallon ƙasa. Da ya fita masallaci ta jawo zanena ta ce, "Baba fushi da ni?" Na rasa gane dalili, sai da ya dawo na dube shi da kyau. Gashin bakin nan nasa ya rufe leɓe gaba ɗaya, ba abin da take gani. Ita a wurinta watanni ke nan bai ce mata komai ba.
Na gaya masa. Ya sa takalmi ya fita. Kafin la'asar ya dawo daga wurin wanzami fuska fayau. Hajiya ta ce ya koma kamar ɗan firamare. Ya durƙusa gaban Asibi ya ce, "Ɗiyata," a hankali. Ta gane.

Talata, 26 ga Nuwamba
Na aike ta sayen daddawa gidan su Saude, ɗiyar maƙwabtanmu, don ta saba yi wa mutane magana. Ta dawo ba daddawa, ido jawur. Ta wuce ni ta nufi Abbati, hannu na ta tashi. Na bi ta na kama hannuwan biyu na riƙe, na ce, "Dubi bakina. Faɗa mini da baki." Ta ja, ban saki ba. Ta daɗe tana kallona. Sai ta daina ja.
Ba ta faɗa ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba
Ko kalma ɗaya.

Talata, 3 ga Disamba
Duk abin da na sa ta tana yi. Mun auna dawa da tiya da gwangwani, ta rubuta lissafin a ƙasa daidai, har ta gyara wa Abbati nasa. Amma baki a rufe, hannu cikin zane. In na shigo ɗaki sai su yi tsit su biyun, kamar sufeto ya zo.
Hajiya tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Ladidi, kunne dai Allah ya karɓi abinai. Hannun ke kika karɓe." Na ce mata ni na yi kwalejin horon malamai, na san abin da nake yi. Ta ce, "To."
Wannan "to" ɗin yana raina har yanzu.

Alhamis, 12 ga Disamba
Ban yi darasi ba yau. Na zube musu karan dawa da tsohuwar reza da ƙaya na ce su yi motar babansu, na shige madafa. Ta tagar nake leƙensu. Da suka tabbata ba na nan sai hannuwa suka fito. Ita ke tsara komai. Ta auna kara da tsinke don tayoyin su zo daidai, ta mayar da shi ya sake yanka har ya fara ƙunƙuni. Hantsi guda suna hira, ni uwarsu ban gane ko ɗaya ba.
Na kira Abbati na ce me suke cewa. Ya ce motar Gusau za ta, tunda yanzu can ne babban gari. Sai ya ce, "Inna, ta ce in tambaye ki, wai da gaske muryarta ta koma ta jaki? Haka su Saude suka nuna mata ranar daddawa."
Kwana nawa tana ɗauke da wannan.
Na fito na durƙusa. Na ce a'a, ta kau da kai daga bakina. Na rubuta a ƙasa, ta share da ƙafa. Ba abin da ya rage mini. Na taɓa maƙoshinta, na kai hannun ƙirjina na danna. Ban san ko yana da ma'ana a wurinsu ba. Ta dubi Abbati, ya gyaɗa kai.
Ta miƙo mini taya ɗaya in riƙe mata.

Juma'a, 20 ga Disamba
Magana ta fara dawowa kaɗan-kaɗan, tare da hannun take zuwa. Ban ce a yi ba, ban kuma hana ba. Mun shuka albasa cikin tsofaffin gwangwanaye, kowa da nasa. Na lura kalmar da ta yi wa alama da hannu ba ta mantawa da rubutunta. Wataƙila dai dacewa ce.

Lahadi, 5 ga Janairu, 1997
Mun je Zurmi sunan ɗan Rashida, ƙanwar babansu. Gida cike, masu kiɗan ƙwarya na yi, ba mai jin wani. Ina riƙe da jariri ya yi mini tumbuɗi a kafaɗa. Asibi na can bakin zaure cikin yara. Ta hango ni, na ce ta kawo mini tsumma da ruwa daga ɗakin Rashida, ta kuma duba inda Abbati ya shiga. Ta kawo, ta ce yana wurin masu fiɗa yana kallon rago.
Wata tsohuwa kusa da ni ta ce, "Wagga ita ce kurmar?" Na ce sunanta Asibi, ita ta rubuta sunan jaririn da lalle a bayan ƙwaryar nan da ke gabanki. Ta ɗaga ƙwaryar ta duba.
Sai da muka hau mota na tuna daga tsakar gida zuwa zaure akwai nisa, kuma ban buɗe baki ba. Gaban dangin miji duka. Hayaniya ce ta yi yawa, shi ke nan.
Gobe launuka za mu yi, na jiƙa baban rini da lalle da jar ƙasa. Ban san yadda suke cewa shuɗi ba. Sai na tambaye ta da safe.