Murjaninki a Bakin Ƙugiyar Baba

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi, wadda muke kira Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, da roƙon Allah Ya sa kina kwance cikin ni'ima, ƙara na kawo miki. Ƙarar mijinki. Na san ba ki da halin shiga tsakaninmu yanzu, amma shekara biyu ke nan da rasuwarki ina haɗiye magana, yau kam sai na amayar da ita.

Ba ki ga abin da ya biyo bayanki ba. Ana gama sadakar arba'in zama ya gagara a ƙauyenmu na Sabuwa, gona ta fi ƙarfin zuwa saboda mutanen daji. Ƙanena Sani ya so tafiya da Baba Kaduna, Baba ya ce shi ba ya zama a birni, sai maigidana ya gyara mashi ɗakin zaure nan Faskari. Kin san Baba da kunyar suruki. Shekara guda cur yana zaune gindin darbejiya, rediyo a kunne, tuwo in an kai sai ya dawo da rabi.

Ni abin da na tsira da shi daga ɗakinki shi ne murjaninki, jan nan mai ƙananan ƙwayoyi arba'in da kike sawa ranar Sallah. Kin sha ce mini, "Ranar da ba ni, naki ne, Binta." Ko sawa ban yi ba, ina dai buɗe akwati in shinshina in mayar.

Sani ne ya jawo mini. Da ya zo yawon Sallah ya nuna wa Baba wani bidiyo a waya, wai wani mutum yana ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiyar fatsa, ya zura mata ƙwayar dutsen wuya a ka, ta fito kamar ƙwaro, kifi ya ɗauka abinci ne ya haɗiye. Ba tana, ba gara. Baba da ya yi fatsa a rafin garinmu tun yana saurayi ya sa aka maimaita mashi sau biyar. Washegari zabin maƙwabta suka fara gudu in sun hango shi.

Bayan kwana biyu ya kira ni zaure, ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Na ɗauka wasiyya zai bari. Sai ya ce, "Murjanin uwarku ba a raba shi ba. Miji yana da rubu'i." Inna, rubu'i! Mutumin da ya bar wa Sani garma da shanun huɗa bai ce uffan ba, shi ne ya tuna da rabon gado a kan abin wuya. Na je wurin liman ina sa ran ya tsawata mashi, liman ya ce gaskiyar dattijo ce. Da hannuna na tsinke zaren na ƙirga mashi goma. Sani ya bar mini nashi, na shirya talatin a sabon zare ina kuka.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Idon Baba ba ya ganin kafar ƙwayar, don haka ni ce mai zurawa. Ashe aikin ma da ƙa'ida. Ƙugiya tana da ɗan haƙori kusa da tsini, sai an danne shi da awartaki kafin ƙwaya ta wuce. Kafar murjanin kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Ƙaramar kafar ake fara cusa wa tsinin, a lallaɓa ta ta zagaye lanƙwasar, ta je ta tokare a hancin ƙugiya inda ake ɗaura zare. Yana tsaye a kaina yana cewa, "A hankali, ke, ba barkono kike daka ba." Babban yatsana duk huda ne, ko gishiri ba na iya taɓawa.

Ran nan ina sauri miya na kan wuta, na fara da babbar kafa. Jifan farko a madatsar ruwa ƙwayar ta zarce ta kan hancin ta yi gaba. Ya dawo yana ta tsaki har magariba. Shi ne ma mai fushi! Kayan uwata aka jefa a ruwa, ni ce kuma mai laifi.

Haka suka riƙa tafiya. Biyar saiwar itace ta riƙe, biyu tarwaɗa ta tsinke zare ta tafi da su. Ɗaya ta suɓuce mini ta gangara tsakar gida, kazata ta yi caraf ta haɗiye. Wallahi Inna kwana biyu mijinki, mai shekara saba'in da ɗoriya, yana bin kaza da tsinke yana tona kashinta. Maƙwabta suna leƙe ta katanga, ni na rasa inda zan sa kaina.

Na yi dabara. Na sa maigidana ya sayo ƙwayoyin roba jajaye a kasuwar Ƙanƙara, leda guda. Baba ya ɗauki ɗaya ya jefa a kwanon sha, ta tsaya tana yawo a saman ruwa. Ya dube ni ya ce, "Kifi yana ƙasa, wannan tana sama. A ina za su gamu?" Ya tura mini ledar da ƙafa.

Ana nan saura ɗaya a rabonsa. Na zura mashi ita, ya ɗaura mata gashin zabo mafi kyau, ya soke ta a naɗin hularsa. Na ce alhamdulillahi, an kusa hutawa. Sai bai je ruwa ba. Washegari ma bai je ba. Ya jingine gorar fatsarsa bayan ƙofa, ya koma gindin darbejiya da rediyonsa, tuwo ya koma dawowa da rabi. Mako uku ina jira ya roƙe ni ko ƙwaya ɗaya in samu abin yin faɗa. Bai roƙa ba. Kin fi ni sanin taurin kansa.

Jiya da safe na sake tsinke zaren, Inna. Na juye talatin ɗin a gwangwanin kayan fatsarsa na ajiye gabansa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Waɗannan ba rabona ba ne." Na ce na sani. Ya ce, "To ɗauko awartaki mana, kin tsaya kina kallona." Ko sannu babu. Da la'asar ya dawo wando jiƙe har gwiwa, da karfasa biyu da ba su kai tafin hannu ba, an kuma rasa ƙwaya guda. Ya cinye tuwonsa tas, ya aiko a ƙaro.

Ki yafe mini, Innata. Kin ba ni abu na kasa riƙewa. Sallar bana wuyana haka zai fita, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, haushi nake ji har yanzu, duk wadda ta tafi sai na ji ta a ƙirjina. Na yi kewarki ƙwarai, da kina nan da kallo ɗaya za ki yi mashi ya shiga hankalinsa.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Saura ashirin da tara a gwangwani, da ɗaya a hula. Allah Ya ba Baba tsawon rai da lafiyar da zai ɓatar da su duka, ɗaya bayan ɗaya, ina zura mashi ina mita. Amin.

Ɗiyarki mai huda a yatsa,
Binta, daga Faskari.