Ɗigon Shuɗin Fenti

Gwarinpa, Abuja
Afrilu, 2006

Zuwa ga Yayana Maitama,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Yaya Rekiya da yara. Yaya kunnen? Ina fata ƙarar injin ba ta ƙara taɓa shi ba. Saboda shi ne ma na ɗauki biro, don in na kira ka a waya ihu kawai muke yi, kai kana ta "me ka ce?", ni kuma ina ba maƙwabta labarin gidanmu. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda na tsaya a makaranta.

Maganar da ka faɗa mini, cewa in kamfaninku bai samu babban ciniki ba kafin ƙarshen damina za a rufe ɓangaren haɗa a-kori-kura, tana nan tsaye a raina. To ga abin da nake ji a mota. Hukumarmu za ta sayi manyan a-kori-kura masu ƙofa huɗu, da yawa, don kai taki da iri ƙauyuka. Oga Zaid, daraktan da nake tuƙawa, shi ne shugaban kwamitin da zai zaɓa. Iri biyu suka rage a gabansu: taku ta haɗin gida, da wata da ake kawowa daga waje ta jirgin ruwa.

Direba ba ya sa baki, amma Allah ya ba shi kunne. Rannan a hanyar Gwagwalada na ji Oga yana faɗa a waya cewa kamata ya yi a sayi ta gida, yaranmu su samu aikin yi. Da ya kashe sai ya juya wajen Wakili, mai riƙe masa jaka da shirya masa tafiya, ya ce, "Amma fa ni ne mai ciwon baya, ba Najeriya ba." Suka yi dariya. Ni dai na zuba wa titi ido.

An kawo kowace guda ɗaya don gwaji. Da aka ajiye taku a harabar ofis, na bari kowa ya tafi sallar azahar, na durƙusa na leƙa ƙarƙashin ƙofar baya. Yaya, ɗigon shuɗin fentin nan da ka ce kana sa wa duk motar da ka ɗaura wa ƙofa yana nan, ta gefen hagu. Na daɗe a durƙushe. Tun zuwana garin nan ban ga wani abu na gidanmu ba sai shi.

Ni aka ba tuƙinta ranar gwaji, abokin aikina Thaddeus kuma zai ja ta wajen. Ka rubuto mini duk abin da ya kamata in sani a kanta. Ka gaishe da kowa.

Ƙaninka,
Sale

Gwarinpa, Abuja
Yuni, 2006

Yayana Maitama,

Bayan sallama da tambayar lafiyarka da ta iyali, takardarka ta same ni a kan lokaci. Na ji 'yarka Kausar ta yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi.

Na yi yadda ka ce. Ka ce an yi wa motar sifirin mai ƙarfi, wato ƙarfen da ke tare nauyi a saman tayoyi, don ɗaukar kaya, in babu komai a baya za ta yi ta tsalle, saboda haka in ɗora mata buhunan yashi. Da sassafe na je inda ake gini a layinmu, na roƙi leburori suka cika mini, na jera su daidai kan tayoyin baya, na rufe da tamfol. Daga Gwarinpa zuwa ofis ko kofin shayi ka ajiye ba zai zube ba.

Wakili ne ya ɗaga tamfol ɗin. Ya ce, "Kai Sale, Darakta za ka ɗauka ko bulo za ka buga?" Na yi masa bayani a hankali. Ya ce ga masu ɗaukar hoto an kira, ba za a ga Darakta a mota ɗaya da yashi ba kamar ɗan kwangilar da ya karye. A nan garin haka abin yake, babban mutum ba ya shiga motar da ke ɗauke da kaya. Da hannuna na sauke su a bakin ƙofar ofis.

Jiwa muka nufa, ruwan farko ya riga ya cinye hanyar. Na lallaɓa iyakar iyawata, ina kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai, amma sai da ta yi abin da ka ce za ta yi. Oga ya damƙe mariƙin da ke saman ƙofa. A wani kwari kansa ya taɓa rufi, hularsa ta faɗo tsakanin ƙafafunsa. Wakili ya ɗauko yana kaɗe ta yana hararata ta madubi.

Da muka tsaya a Jiwa Oga ya fito dafe da ƙugu. Ba mugun mutum ba ne, Yaya, har ya tambaye ni, "Sale, tsakaninka da Allah, yaya ka gan ta?" Na ce ranka ya daɗe, mota ce mai son kaya. Ya yi murmushi ya ce, "To ni ba kaya ba ne." Ya wuce ya shiga ta Thaddeus. Na so in ce masa yayana ne ya ɗaura mata ƙofa, sai na ga in na faɗa za a ce dama ina da tawa a ciki. Har aka gama gwajin ba a ɗora wa ko ɗaya buhun taki ba.

Ni kaɗai na juyo. A bakin hanya na tarar da matan Gbagyi da itace da buhunan gawayi a kafaɗa, za su kasuwa. Na tsaya na kwashe su da kayansu duka. Wallahi Yaya, hanyar nan dai da ta kusa karya Oga, motar ta bi ta lumui, har wata tsohuwa ta yi gyangyaɗi a kan buhunta. Na yi ta waige ko akwai wanda zai gani. Ba kowa sai su, su kuma ba su cikin kwamiti.

Ba a yanke hukunci ba tukuna. Mu ci gaba da addu'a.

Naka,
Sale

Gwarinpa, Abuja
Oktoba, 2006

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Yaya Rekiya. Yaya haƙuri? Takardar da ka aiko gajeriya ce, amma na karanta ta ya fi a ƙirga. Shekarun da ka yi a wurin nan, a ce sallama daga aiki ta zo a rabin shafi. Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Ka riga ka san ta waje suka zaɓa. Ban iya rubuto maka ba a lokacin, na yi ta ɗaukar biro ina ajiyewa. Thaddeus ya ce kada in ɗora wa kaina, wai ko da yashin haka za a yi, tunda garin nan kuɗi ya shigo, kowa so yake a gan shi a abin da ya tsallako teku. Wataƙila gaskiyarsa ne. Taku ta gwaji ta yi wata biyu a bayan ofis ƙarƙashin darbejiya, tsuntsaye suna ɓata ta. Nakan wanke ta in na samu sarari, har ranar da aka zo aka tafi da ita.

Sababbin sun iso, farare ƙal, an ba ni ɗaya. Ba zan yi maka ƙarya ba, mota ce. Sitiyarinta kamar ka juya cokali, sanyinta har sai ka rage, kaya ma tana ɗauka. Na so in same ta da aibi ban samu ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Kullum da safe in na murza makulli ta tashi ba gardama, sai in ji kamar na ci amanarka.

Ka ce za ku bar gidan haya ku koma Lere kafin a gama girbi, kuma kana neman motar da za ta kwashe kaya. Kada ka nemi kowa. Na roƙi Oga aron tawa ranar Asabar ya ba ni, har ya ce a cika mini tanki. Ya tambaye ni me yayan nawa yake yi, na ce aikin kamfani ne a Kaduna, an rufe ɓangarensu. Ya girgiza kai, da gaske abin ya taɓa shi, ya ce, "Kai, ƙasar nan! Sai yaushe za mu koyi sayen namu?" Na ce Allah ya kawo lokacin, ranka ya daɗe.

A ce wa Yaya Rekiya ta ɗaure gado da katifu tun ranar Juma'a, kwanuka a sa su cikin buhu. Yara za su zauna a ciki tare da ita, akwai wuri. Zan iso da hantsi in Allah ya yarda. In ka ga farar mota a ƙofar gida, ni ne.

Abu ɗaya nake roƙonka. Na san halinka, ba ka ganin a-kori-kura ka wuce. Kada ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin ƙofarta a gaban yara. Na riga na leƙa, Yaya. Babu hannun kowa a wurin.

Ƙaninka mai ƙaunarka,
Sale