Wai basir ne

Laraba, bayan isha'i

Maigida ya ƙi komawa asibiti. A gabana dokotoro ya ce mutumin da ya haura hamsin, ga jini a bayan gida, ga rama, dole a zura kyamara a duba hanjinsa. Sai ga wansa, Yaya Mamman, daga Mirriya da jarkar maganin basir, yana cewa, "Haba Rabi, dattijo kamar wannan a tuɓe shi gaban yara?" Shi kuma ya karɓa ya sha, har da godiya.

Na kasa cin tuwo don takaici. Su kunya ta dame su. Ni ke wanke wandon nan, ni na rage masa ƙugu, yau ma ya yi masa yawa. Gobe Yaya Mamman zan miƙa wa wankin.