Ranar Da Aka Wanke Motar Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Amarya da ɗanmu Takwara. Yaya aiki, yaya fama da sanyin garin naku? Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a abin da kuka je nema, Ya raya mana yaron nan. Hotonsa da ka turo, wanda yake tsaye riƙe da ƙafar kujera, Inna ta sa an fitar mata da shi ta liƙa a jikin firij. Kullum sai ta tsaya ta yi masa tsiya, wai wannan miji nata ya cika rowa, har ya fara tafiya bai zo ya gaishe ta ba.

Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tunda ta haƙura ta daina hawa bene shanya. 'Yan Biyu sun shiga aji na gaba, faɗansu kuma ya shiga tare da su. An dawo da babansu reshen da ke kusa da gida, yanzu kafin magariba ya iso. Gwaggo ta zo ta kwana biyu, ta gyara mana zaman kowace tukunya a kicin, har yau Inna na neman murfin babbar. Baba yana cin abinci, yana shan maganinsa, jikinsa da ƙwari. Sauran bayaninsa shi ya sa na ɗauki biro maimakon waya, don a waya da na fara sai murya ta ƙi fita, kai kuma ka ɗauka layin ne ba kyau.

Maganar motarsa ce. Ba sai na gaya maka matsayinta a wurinsa ba, ita kaɗai ya taɓa saya sabuwa fil a rayuwarsa, kuma tun ranar da ya fito da ita daga kamfani ya ce ba bakaniken da zai taɓa ta sai nasu. Har yau a kan haka muke. Tunda likita ya hana shi tuƙi, bayan ranar nan da ya fita sayen burodi ya kasa gane hanyar gida, ni ce direba. Amma zuwa sabis bai yarda in tafi ni kaɗai ba. Zai yi wanka, ya sa hula, ya shiga gaba ya harɗe, yana ce mini in rage gudu alhali mai keke ma wuce mu yake yi.

Ka san in sun gama sabis suna wanke wa mutum mota kyauta, kuma matar nan mai tabarau da ke kan kanta dole ta tambaya a kowane zuwa. Kai shaida ne Baba bai taɓa karɓa ba, dalilinsa ma na san ka haddace. Wai burushin injinsu ya goge motocin duniya kafin ya zo kan taka, duk yashin da ya kwaso a fentinka zai zana shi, sai rana ta haska ka ga zane sirara kamar saƙar gizo-gizo. In kuma da hannu ne, tsumman da aka goge taya da shi za a kai kan gilashi. In ya gama wannan lacca sai ya ce shi motarsa tana da mai wankinta. Da kana nan, kai yake nunawa da baki. Bayan tafiyarka amsar ba ta canza ba, sai dai babu wanda zai nuna.

Da farko shi yake wanke ta da kansa duk Asabar, da bokitai biyun nan naku, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya. Bara kafaɗarsa ta hana shi ɗaga hannu, ya daina. Na ɗauka zai bar mana, ashe ba haka ba. Baban 'Yan Biyu ya zo da sabulunsa ya naɗe hannun riga, Baba ya fito ya karɓe soson, ya ce surukin nasa ya riƙe shi kamar mai kankare tukunya, a bar motar, Auta zai zo Asabar ya wanke. Duk muka yi dariya, mun ɗauka zolaya ce. Da wata Asabar ta zagayo ya sake faɗa, ba alamar wasa a fuskarsa. Daga nan ba wanda ya ƙara dariya. Inna ta ce a ƙyale shi, kada a tayar masa da hankali a kan ƙarfe. Ni dai nakan goge gilashin gaba da fitilu da lamba in ya kwanta da rana, don kada a tare mu a hanya. Sauran jikin kuwa sai abin da ruwan sama ya taimaka. Ga shi a gindin bishiyar ƙofar gida take kwana, tsuntsaye sun mayar da rufinta bayan gidansu. Abokan aikina a makaranta har suna suka sa mata, wai Ta Gona. In na shigo sai ka ji ana tambayata ko an yi girbi.

Talatar da ta wuce muka kai ta sabis. Aka canza baƙin mai da filta, aka duba birki. Baba yana ɗakin jira da kofin shayi a hannu, yana kallon talabijin ɗin da ba a kunna wa murya. Na je kanta, matar ta yi tambayarta tana murmushi, don ta san amsar. Kafin in buɗe baki sai ga babban bakanikensu, wani dattijo mai furfura a gemu, ya ce in zo in ga wani abu. Ya kai ni wurin motar, ya jiƙa tsumma ya goge wani ɗan wuri a rufin. Auta, kashin tsuntsun nan ya fara cin fentin, wurin ya yi dishi-dishi kamar tabon ƙuna. Ya ce shi ma bai musa maganar Baba a kan inji ba, kuma da motarsa ce mai duhun launi haka ba zai sa ta a ciki ba. Amma zanen burushi abu ne da ake iya gogewa, wannan kuwa in ya ƙara watanni sai dai a sake fentin rufin gaba ɗaya. Ya ce in na yarda ba za a kusanci inji ba, da hannu za a wanke, zai sa a fasa sababbin tsummoki a gabana.

Na tsaya a wurin na rasa abin yi. Na kira ka, wayar ta yi ta ringi ba ka ɗauka ba, na san kana bakin aiki. Matar kanta ta matso ta ce a hankali, ai ana iya wankewa ta baya Baba yana shan shayinsa, in ya tambaya a ce sharrin sababbin ma'aikata ne. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya so hakan. Sai na hango shi ta gilashi, ya gyara hularsa, ya ɗora hannu a kan gwiwa kamar wanda ya zo ganin babban mutum. An karɓe masa makulli, an karɓe masa zuwa kasuwa, maganinsa ma sai an ƙirga masa a tafin hannu. Wannan a'ar ita ce kusan abu na ƙarshe da yake faɗa a bi. Na kasa.

Na je na durƙusa kusa da kujerarsa na gaya masa duk abin da bakaniken ya ce. Allah Ya sa ranar kansa a sake yake, irin ranakun nan da in ka gan shi za ka rantse ba abin da ke damunsa. Ya saurare ni har na gama, sai ya tambaye ni ko kai ne ka ce a wanke. Na ce a'a, ban same ka ba. Ya ajiye kofin ya miƙe, ya je ya tsaya a jikin gilashin yana kallon motarsa a tsakiyar na mutane masu sheƙi. Ya daɗe a tsaye. Can ya juyo ya ce to a wanke, amma yana tsaye a kansu.

Ka so ka ga Baba a ranar. Ba a barin baƙo ya shiga wurin wankin, amma bakaniken ya kawo masa kujera da kansa, shi kuwa ko kallonta bai yi ba. Magidanta biyu ne masu wankin, ya sa su gaba kamar 'yan makaranta. A fara jiƙa ta da tiyo a bar dattin ya yi laushi. Daga rufi ake sauka ƙasa. Kada a murza, a ja tsumman a miƙe. A ɗauraye kafin a mayar cikin sabulu. Taya sai ƙarshe, kuma da nata tsumman. Suna bi suna cewa to Baba, an gama Baba, ɗayan har yana dariya yana cewa yau sun samu shugaba. Ruwa ya jiƙa masa bakin wando bai kula ba. Muryarsa ta dawo irin ta da, wadda in ya kira sunan mutum daga ƙofar gida sai an ji a ɗakin ƙarshe. Sau ɗaya ya kira dogon cikinsu da sunanka, ya ce ya bar kumfa a hannun ƙofa. Sai ya tsaya, ya dube shi da kyau, ya ce yi haƙuri ɗana. Mutumin ya ce ba komai.

Da suka goge ta aka fito da ita rana, wallahi na manta shuɗin nan haka yake da kyau. Tabon rufin yana nan, amma kaɗan ne. Baba ya zagaya ta, ya duƙa ya kalli gefenta ta inda haske ke faɗowa, ya ce ba laifi. Ka san a bakinsa wannan babban yabo ne.

A hanyar gida bai ce in rage gudu ba. Sai da danja ta tsayar da mu ya yi magana, idonsa a kan titi. Ya ce kada in ɗauka bai san inda kake ba, ya sani, ya san ba tafiyar Asabar ba ce. Ya ce shi dai ba ya so ka dawo ka tarar an raba duk ayyukan gidan ba a bar maka ko ɗaya ba, ka zauna a falo ana kawo maka ruwa kamar baƙo. Aka ba mu hannu na kasa tashi, na baya suna ta hon. Sai da na gangara gefe na share fuska, shi kuma ya miƙo mini hankicinsa yana cewa direba ba ya kuka.

Da la'asar ya fito ƙofar gida ya ga motar tana sheƙi. Ya shigo da sauri yana tambayar Inna yaushe ka iso, kuma me ya sa ka wanke mota ba ka shigo ka gaishe shi ba. Har ɗakinka ya je ya leƙa. Inna ce ta zaunar da shi ta gaya masa cewa ba ka zo ba, ni kam ban iya ba. Ya ce au haka ne, ya tuna. Bai ci abincin kirki ba ranar.

Auta, ban rubuto don in ɗora maka laifi ba. Na san yadda takardunka suke, na san hutu ba a hannunka yake ba, kuma ba abin da Baba ya nema ka gaza. Amma likita ya gaya mana ranakun da kansa ke sakewa raguwa za su yi ta yi, ba ƙaruwa ba. Yanzu in ka shigo zai gane ka tun daga takunka. Ban san ko haka za a ce baɗi ba. In akwai yadda za ka yi, ko na mako ɗaya ne, ko kai kaɗai in tafiya da iyali za ta yi wuya, ka zo. Ni ma ina kewarka, kada ka ga ina fakewa da Baba. Na gaji da zama babba ni kaɗai a gidan nan, ba wanda zan harara in Gwaggo ta fara dogon labari.

Game da wankin kuwa, na riga na gaya wa matar kanta. In mun koma sabis na gaba ba ka zo ba, za mu karɓa, da hannu, Baba na tsaye, don na ga abin ya yi masa daɗi kuma ba zan bar fentin ya lalace ba. In kuwa ka sa rana, ko wata nawa ne, ba mai taɓa ta. Zan saya mata rufi in lulluɓe ta saboda tsuntsaye, ka zo ka same ta da ƙurarta.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi ko da ka ga rana. Tana gaida Amarya da kyau, ta ce Allah Ya saka mata da haƙurin zama da kai. Gwaggo da Kawu suna gaisuwa. Baban 'Yan Biyu ya ce har yau bai huce da maganar tukunya ba, yana jiran ya ga yadda gwanaye ke riƙe soso. 'Yan Biyu sun ce a sumbaci Takwara, kowacce ta ce nata ne na farko. Ka gaida abokin zamanka na da, wanda ya yi jinyarka lokacin da ka kwanta, ba mu manta alherinsa ba.

Da zan rufe na tambayi Baba ko yana da saƙo. Ya yi tunani, ya ce in gaya maka yana sa maka albarka. Sai kuma ya ce in ƙara da cewa har ka tafi ba ka iya wanke ƙarƙashin madubi ba, ka zo ya nuna maka tun yana iyawa.

Allah Ya tsare, Ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka