Katin da Aka Jefa a Ganga

Santa Cruz, 9 ga Agusta

Ƙanwata Zoila,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Ya jikin Baba? Na tambaya ne don kada ki ce ban tambaya ba.

Saƙonki ya same ni a masauki. Kin ce likita ya ce saura makonni, kuma Baba ba abin da yake so sai ya ji daga gare ni cewa na yafe masa. Wai in katse hutu in taho Ambato. Zoila, shekara ashirin da biyu da aurenmu, sai bana Fausto ya fitar da ni daga Guayaquil zuwa tsibiran nan. Ba inda za ni.

Jiya mun hau tudu ta cikin gonakin kofi da gwaiba, ga manyan kunkuru kwance a hanya, ko gezau. Mun shiga kogon da narkakken dutse ya huda a ƙarƙashin wata gona, wani wurin sai da rarrafe. Tumbin Fausto ya maƙale, yana ta ihu, "Eulalia, ja ni mana, ke dariya ma kike yi!" Na yi dariya har da hawaye. Na manta rabona da irinta.

Ki gaida yara.

Yayarki,
Eulalia

Floreana, 12 ga Agusta

Zoila tawa,

Ina gaishe ki da jinya, Allah ya ba da lada. Albishirinki, na rubuta masa. Na sayi kati mai hoton kunkuru na sa, "Baba, na yafe maka." Kin san gangar nan ta bakin teku da ake jefa wasiƙa ba kan sarki, matafiyin da ya ga adireshin kusa da gidansa ya ɗauka ya kai da hannunsa. Wata ta yi mako a ciki, wata shekara biyar. Nan na jefa shi.

Kada ki ce mini muguwa. Kina goye ya bi wata mata Caracas, ni ina da shekara tara. Duk Kirsimeti sai ya bugo waya shagon Don Segundo: "Ku gaya wa matata Rosario na rubuto, wasiƙa tana hanya." Shekara goma sha huɗu Mama tana zaman bakin taga tana jiran mai kawo wasiƙa, har ta cika a kan kujerar nan. Ni na ɗaga ta daga kai. Da ya tsufa waccan matar ta kore shi ya dawo, kika shimfiɗa masa gadon Mama.

To ki gaya masa na rubuto, wasiƙa tana hanya. Ki juya masa gadon ya fuskanci taga.

Wannan takardar kuwa na ba wata mata da jirginsu zai tashi gobe, jibi za ta iso ki.

Yayarki,
Eulalia

Guayaquil, 8 ga Satumba

Ƙanwata,

Ya haƙuri? Ya gajiyar jama'a? Na ga taki. Kin ce kwana goma sha tara idonsa yana kan taga, ko mai tallan burodi ya ƙwanƙwasa sai ya yunƙura zai tashi. Kin ce ba ki riƙe ni a rai ba, tunda dai na rubuta, rashin sa'a ce katin bai sami mai ɗauka ba. Kullum haka kike, sai kin nemo wa mutum uzuri. Kada ki ɗora wa ganga laifi.

Bayan gangar akwai wani kogo, ana sauka da tsani, can ƙasa ruwa ne mai sanyi har ƙugu. Ranar da na jefa katin muka shiga, da muka fito a jiƙe, muka tarar da 'yan wani jirgin ruwan sun kwaso katunan suna karanta adireshi. Sai na ji wata tsohuwa, Doña Clemencia, ta ɗaga murya: "Heriberto Villacís, Ambato! Kai, ai bayan layinmu ne. Juma'a ina gida, da kaina zan kai wa bawan Allah." Juma'ar makon da na jefa shi, Zoila. Kwana uku ke nan.

Na matsa na ce, "Kawo, Doña, mahaifina ne, ni zan kai masa." Ta sumbace ni a kumatu, ta ce Allah ya ba ta 'ya irina. Fausto yana can yana matse wandonsa, bai ga komai ba.

Na ɗauka idan ya ɗanɗana jira zuciyata za ta yi sanyi. Ba ta yi ba. Nadama ma na lalube ta ban samu ba, kuma wannan ne yake ba ni tsoro.

Katin yana cikin jakata, har yanzu da yashi a jikinsa. Zan zo addu'ar cikarsa wata ɗaya, in kin bar ni na shiga gidan. Zan taho da shi, tunda na yi wa tsohuwar alkawarin kaiwa da hannuna. Ke dai ki nuna mini wanne ne kabarin.

Yayarki, in har yanzu kina kirana haka,
Eulalia