Tan Bakwai Aka Rubuta a Ƙofar Motarku

Zuwa ga Manajan kamfanin dakon siminti mai gareji a bakin hanyar Kurmin Mashi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan kana lafiya da kai da iyalinka. Ban ambaci sunan kamfanin ba, domin kun san kanku.

Ranar Laraba, kwana tara bayan Babbar Sallah ta bana, da ƙarfe bakwai da kwata na safe, 'yata Binta tana tsaye a gefen titi a ƙasan gangarar Kurmin Mashi tana jiran bas. Shekarunta ashirin da ɗaya, malama ce a makarantar firamare. Motarku ta gangaro tana jan wata motarku da ta lalace, ta bayan ta ingiza ta gaban, suka bar titi. Binta ta cika kafin a kai ta asibiti. Mun binne ta bayan azahar.

Na karɓi ƙaddara. Amma shekara goma sha tara ina koyar da lissafi a sakandare, don haka washegari na koma wurin da littafi da fensir. Ga abin da na gani da idona.

Na ɗaya. A ƙofar motar gaba an rubuta tan bakwai. Buhu ashirin na siminti ne tan ɗaya, wato buhu ɗari da arba'in ne iyakarta. Na tsaya har 'yan dako suka gama sauke ta. Buhu ɗari biyu na ƙirga.

Na biyu. Makanikinku, dattijo mai gaskiya, ya nuna mini cewa kun ƙara wa motar sifirin, wato ƙarafan da ke tallafe bodi, kuma a garejinku in dai bodi bai taɓa taya ba, to da sauran wuri. Ranka ya daɗe, sifirin ɗaukar kaya yake yi, ba shi ke tsayar da mota ba. Birkin nan dai na tan bakwai ne, yadda masu ƙera motar suka auna shi, kuma babu wanda ya ƙara masa komai.

Na uku. Motar baya ba fanko ba ce, ita ma cike take da siminti. Injinta ya mutu, birkinta kuwa da iska yake aiki, sai inji na tafiya yake samun iskar. Ba ta da birki ke nan. Kuma da sarƙa aka ja ta, ba da sandar ƙarfe ba. Sarƙa tana ja a kan tudu, amma a gangara saki take yi. Birki guda aka bar wa nauyin motoci biyu da lodinsu. Ɗan aji biyu zai iya gaya muku ƙarshen wannan lissafi.

Direban motar gaba yana tsare, iyalinsa sun zo mini gaisuwa suna kuka. Ba shi ya yi lodi ba, ba shi ya ce a ja motar da kayanta ba. Wanda ya ba da umarnin yana zaune a ofis, fanka na kaɗa masa.

Buhun shinkafa da goron da kuka aiko ranar sadakar uku na mayar, ba don raini ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, makon jiya na ga motar gaban nan ta wuce ta Unguwar Dosa. An gyara ta, an yi mata sabon fenti. A ƙofarta yanzu tan goma aka rubuta. Mai fenti kuka kira, ba injiniya ba.

Ina roƙonka abu uku: a mayar da lambar gaskiya a ƙofar, a hana jan mota mai lodi da sarƙa, a kuma faɗa wa kotu sunan wanda ya ba da umarni a safiyar nan.

Allah ya raya maka 'ya'yanka, ya sa kada ka taɓa tsayawa inda na tsaya.

Yau kwana arba'in da biyu. Babu wanda ya faɗi sunan, motar tana kan hanya, kuma gobe da safe akwai masu jiran bas a ƙasan gangarar.

Wassalam.

Malam Isiyaku, mahaifin Binta,
Unguwar Dosa, Kaduna.